Ranar da Na Maimaita wa Surukina Maganarsa

Ba zan taɓa mantawa da wani yammaci na damina a zauren surukina Alhaji, can garin Babban Mutum ba, ko da kuwa zan manta hanyar gidanmu a Daura. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi (ku riƙe kunnuwan nan a ranku, za su dawo cikin labarin).

Aikina ɗaukar bayanan shari'a ne a babbar kotun tarayya. Ina zama ƙasa kaɗan da kujerar Mai Shari'a da ɗan injina a gabana, duk abin da ya fito daga bakin lauya ko shaida ko tafinta sai yatsuna su cafke shi. Dokar aikin ɗaya ce: ba ka ragewa, ba ka ƙarawa, ba ka gyara wa kowa magana. In lauyoyi suka yi musu a kan abin da shaida ya ce, Mai Shari'a zai ƙwanƙwasa tebur ya ce a maimaita, ni kuma in miƙe in karanto, da sunan mai magana da abin da ya faɗa, ko da zagi ne.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, in aikin ya zauna maka a hannu, kunne da yatsu ne ke yin sa, zuciya kuwa sai ta tafi yawonta. Ni kuma tun ina yaro gwanin tafiya ne daga zaune. Inna ta sha aika ni sayen manja ta tarar da ni a gindin dalbejiya ina kallon gajimare. Don haka ana shari'ar buhunan shinkafar da aka kama a kan iyaka a Kongolam, fanka na juyawa a sama, ni ina can Daura na gina gida, na shafa masa shuɗin fenti, na dasa gwaiba a tsakar gida, Saude na zaune a inuwarta tana tsintar shinkafa (ta gida, ba ta Kongolam ba). Amma da zarar an ce a maimaita, ko kalma ɗaya ba ta faɗuwa. Har alfahari nake yi da wannan.

Saude malamar firamare ce a Daura, tana zaune a gidan yayarta, kuma ita ce duk abin da nake so a duniya. Mahaifinta, Alhaji, falken shanu ne, mutum mai kwarjini wanda ko dillalai ke shakkar haɗa ido da shi. Wata rana ta ce da ni, "Baba ya ce ka zo ya gan ka. Don Allah ka natsu, ka ji? Akwai ɗan amininsa na Mashi da shi ma aka turo a kansa." Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Ƙanin mahaifina, Baffa Ilu, shi ya raka ni. Muna tafe gero ya yi kore shar dama da hagu, sama ta yi lumshi, shi kuwa sai karanta mini darasi yake yi.

"Kai dai ka sunkuyar da kai. Magana ba taka ba ce. Duk abin da aka ce, ka ce 'To, Baba', shi ke nan."

Na ce, "To, Baffa."

Muka tarar da Alhaji a kan buzu, sandarsa a gefe, ƙaninsa Malam Sale na kusa da shi. Na durƙusa na yi gaisuwa, na raɓe a bakin tabarma na kafa wa ƙasa ido. Aka sha fura, aka taɓa hirar damina da tsadar taki. Can Baffa ya nemi buta ya zagaya.

Daidai nan aka fara yayyafi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo zauren, indararo ya fara ɗiga, daga cikin gida kuma ana daka a turmi a hankali. Na ce a raina Saude ce. Shi ke nan na tafi. Na buɗe ƙofar shuɗin gidan nan, na tarar gwaibar har ta yi 'ya'ya, ga yara suna guje-guje cikin ruwa, uwarsu na kiran su su shigo. Na san dattawan biyu sun matsa kusa da juna suna ƙus-ƙus, kamar lauya da wanda yake karewa, amma ni dai ban ji komai ba. Kunnena ne ya ji, yatsuna kuma suna ta aiki a kan gwiwata.

Baffa ya dawo. Alhaji ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya shiga dogon bayani: aure ba wasa ba ne, akwai masu nema da yawa, sai an yi bincike, sai an yi shawara da dangi. Duk wannan daga nesa nake jiyo shi, don a lokacin ina kan bishiya ina tsinko wa autarmu gwaiba.

Sai ƙwas-ƙwas! Alhaji ya buga sanda a ƙyaure.

"Kai yaro, kana tare da mu kuwa? Maimaita abin da aka faɗa in ji."

Ƙwanƙwasa, sannan "maimaita". Jikina bai nemi shawarata ba. Sai gani na na yi a tsaye, hannuwa a baya.

"Daga ina zan fara, ranka ya daɗe?"

"Daga farko mana!"

Na gyara murya, irin muryar nan ta kotu da ba ta hawa ba ta sauka.

"Alhaji ya ce: Sale, ni fa na riga na ba shi tun a raina, yarinyar nan ta ce in ba shi ba ba ta yi. Malam Sale ya ce: To me muke jira, Yaya? Alhaji ya ce: Bari mu ɗan ja masa rai, kada su ga mun yi araha. Malam Sale ya ce: Amma ka ga kunnuwansa kuwa? Kamar faifai. Alhaji ya ce: Na gani, jikokina ne za su sha wahala. Malam Sale ya ce: Ji yatsunsa suna rawa, anya yana da lafiya? Alhaji ya ce..."

Baffa ya damƙi ƙafar wandona ya fizgo ni ƙasa. A nan na faɗo daga kan gwaiba.

Har turmin cikin gida ya tsaya. Sai daga bayan ƙofar cikin gida wata mata ta tuntsire da dariya, wasu suka taya ta (ashe duk suna laɓe). Malam Sale ya ja hannun riga ya rufe fuska. Alhaji kuwa kallona kawai yake yi, gemunsa na motsi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ku tashi ku tafi," in ji shi. "Za ku ji saƙo."

Muka kama hanya har muka hango fitilun Daura. Sannan Baffa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Batun kunnuwan dai, ba su yi maka sharri ba."

Kwanakin da suka biyo baya na sha wuya. Saude ta ƙi ɗaga waya. Na tabbata na kunyata dattijo a gaban iyalinsa, na kuma miƙa wa mutumin Mashi matata da hannuna. Ko a kotu na kasa tafiya ko'ina. In na je shuɗin gidan sai in tarar da shi a kulle, in dawo in ci gaba da sauraron lauyoyi da dukan zuciyata, abin da ban taɓa yi ba.

Sai ga Malam Sale ya zo wurin Baffa da kansa. Ya ce, "Yaya ya ce maganar da aka karanta a gaban shaidu ba ta janyuwa. Ku zo a sa rana. Amma ya ce in yaron nan zai shigo zaurensa, ya riƙa yin gyaran murya tun daga bakin titi."

Na koyi cewa a kotu ne kawai ake son mutum ya ji komai. A gidan surukai, kunne ko ya kai faifai, rabin aiki ake so ya yi.

Da Saude ta haifi ɗanmu na fari, ranar suna aka kawo wa Alhaji jaririn a zauren nan. Ya yi masa addu'a, ya ɗaga hular sanyin da aka sa masa, ya daɗe yana duba gefen kansa na dama da na hagu. Ya kalli Malam Sale, sannan ya juyo gare ni.

"Yaro, me na ce a kan jikokina? Maimaita in ji."

Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba."