Rufin Aji Huɗu Yana Cikin Rahoto

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ofishin Shiyya na Tallafa wa Makarantu Masu Rauni,
ta hannun Sashen Hotuna da Rahoto.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, iyali lafiya, kuma rufin ofishinka ba ya yoyo. Ni tela ne. Shagona yana kallon makarantar firamaren unguwarmu, ƙaramar 'yata kuma tana aji huɗu. Iyayen yara ne suka ɗora mini rubuta wannan takarda, wai na fi kowa sanyin baki. Na karɓa da sauri don kada a ba mahaucin unguwarmu, mai zafin baki.

Da farko, godiya. Rahoton ofishinka na bana ya iso mana, takarda mai sheƙi, har ƙamshi take yi. A ciki muka ga aji huɗu sau biyu: hoton hagu babu rufi, an rubuta “Kafin tallafi”, na dama da rufi, an rubuta “Bayan tallafi”. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Abubuwan da zan jero ba su kai ƙorafi ba, tuni ne kawai.

Na ɗaya. Bara iska ta yaye rufin aji huɗu. Hedimasta ya rubuto muku, kuma ba ku yi nawa ba. Tawaga ta zo ta ƙirga ɗalibai, wata ta zo ta ƙirga benci, wata kuma ta zo jin yadda muka ji da zuwan biyun farko. Duk mun ba su ruwan sanyi. Da muka gaji da kallon rana tana gasa kawunan yara, sai muka yi rashin kunya muka gyara da kanmu. Mahauci ya kawo katako, kafinta ya ba da hannunsa kyauta, ni kuma na kwance kwanon rumfar shagona, matata tana tambayata ko lafiyata ƙalau. Rufin ya fito kala-kala, wani kwanon ja, wani duk tsatsa, amma ko ɗigo bai taɓa zuba ba. Muna neman afuwa, ba mu san sai an nemi izini ba.

Na biyu. Bayan nan kuka turo mai ɗaukar hoto, wanda yara suka raɗa wa suna Matsa-Kaɗan, don abin da ke bakinsa ke nan. Bawan Allah ya ɗaga kai ya ga rufi, sai ransa ya ɓaci kamar an yi masa sata. Ya ɗauki hoto guda, sannan ya zaunar da mu ya karantar da mu tsarin ofis. Ya ce ba a rubuta tallafi sai da hoton ɓarna, kuma makarantar da ke da rufi ba ta da rauni, don haka za a cire sunanmu, alhali sabon kwano yana hanya, har da silin. Mafita ɗaya ce, a sauke rufin na ɗan lokaci. Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin dattawa a kan tsani suna zare ƙusar da suka buga da hannunsu? Abin da kafinta ya riƙa faɗa a saman nan ba zai shiga wasiƙar girmamawa ba. Da aka gama, Matsa-Kaɗan ya jera yara ya ce kowa ya ɓata rai. 'Yata ta kasa, dariya ta ci ƙarfinta, aka mayar da ita layin baya.

Na uku. Ya ce kwanon da aka sauke zai ɓata hoto, a loda shi a motar ofis a adana a sito. Muka loda. Har hannu muka ɗaga wa motar.

Na huɗu, kuma nan ne na sara muku. Hoton “Bayan tallafi” shi ne wanda ya ɗauka da safe, na “Kafin tallafi” kuma da yamma. Ba zato nake yi ba, ga kwanon rumfata nan a hoton, har da almakashin da aka zana a jikinsa da fenti. A ina kuma aka taɓa samun ofishin da ke gama gyara tun kafin a yi ɓarna? Da muka je neman kayanmu, magatakardanka ya tarbe mu da fara'a, ya buɗe rahoto, ya nuna mana rufin da yatsa, ya taya mu murnar fita daga jerin masu rauni. Mahauci ya buɗe baki, na take masa ƙafa. Magatakarda ya ce idan rufin ya sake yayewa mu rubuto, za a turo tawaga ta ƙirga ɗalibai.

Na biyar. Damina ta sauka. Malamar aji huɗu tana koyarwa da laima a hannu ɗaya, alli a ɗaya, jiƙaƙƙen alli kuwa ba ya kama allo. Da hadari ya haɗu sai yara su kwaso da gudu zuwa shagona, su tarar ni ma ina janye keken ɗinki zuwa ciki. Wasu iyaye sun fara hana 'ya'yansu zuwa. 'Yar nan tawa mai dariya yanzu tari take yi, kuma kullum da safe sai ta leƙa sama kafin ta ɗauki jakarta. A nan kam ba ni da sauran zolaya, abin yana ci mini rai.

Sai dai Allah ya sa ba ku manta da mu gaba ɗaya ba. Makon jiya ma'aikatanka suka kafa wani ƙaton allon talla a ƙofar makaranta, na ƙarfe tsantsa, ɗauke da hoton rufinmu, ga fuskarka a gefe tana murmushi. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko gezau bai yi ba. Kafinta ya zagaya shi, ni kuma na sa tef ɗina na auna, tsawo da faɗi. Ranka ya daɗe, kamar don aji huɗu aka yanka shi.

Saboda haka muna sanar da kai cikin ladabi cewa ranar Asabar za mu sauke shi mu rufe ajin da shi. Wannan karon mun koyi hankali, shi ya sa muka rubuto tun da wuri. Idan da hali a turo Matsa-Kaɗan, domin karon farko ke nan da tallafin ofishinka zai hana ruwa taɓa yaro, bai kamata a rasa hotonsa ba.

Abu ɗaya ya rage, wanda ya raba kanmu, kuma kai kaɗai za ka yanke. Ina fuskarka za ta kalla? Mahauci ya dage a juya ta sama, ta ɗanɗana abin da yara suka sha. Ni na ce a'a, babban mutum ne, bai dace ba. A juya ta ƙasa, cikin inuwa, inda za ka ga ɗaliban aji huɗu ko da sau ɗaya ne.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara wa rahoto sheƙi.

Naka mai biyayya, rana da ruwa,
Tela mai shagon da ba rumfa,
a madadin iyayen aji huɗu.