Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Rafi

Ba zan taɓa mantawa da rafin nan na bayan Beji ba, ko da kuwa ya ƙafe an yi gidaje a kansa.

Aikina duba lafiyar rafuka ne. Ka sa wandon roba mai kaiwa ƙirji, ka shiga ruwa, ka kafa raga a gabanka, ka yi ta tattaka ƙasan rafin har ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu su gangaro cikinta. Irin ƙwarin da ka samu su ke nuna tsabtar ruwan. (Wanda ya hango ka daga nesa kuwa zai rantse bori ya hau ka.)

A lokacin ina neman auren Asabe, mahaifinta bai ce e ba, bai ce a'a ba. An dai gaya masa ni mai bincike ne a jami'ar da ke Gidan Kwano. Ni kuma duk zuwana gidansu da shadda nake zuwa, har da biro a aljihu, ina magana a hankali kamar likita.

Ran nan muna aiki da Rifkatu, abokiyar aikina. Ina tsakiyar rafi, ruwa har ƙugu, ina ta rawata, sai na ji gyaran murya. Na ɗaga kai, ga Baba, mahaifin Asabe, a gaɓa, fartanya a kafaɗa. Ashe gonarsa na tsallaken rafin.

To wa ya taɓa gaida suruki a tsaye? Kafin hankali ya iso, tarbiyya ta riga shi. Na durƙusa.

Ban ƙarasa "ina kwana" ba ruwa ya kwararo ta bakin wandon, ya cika shi taf. Na yunƙura zan tashi, ina! Sai na tafi rigingine, raga ta bi ruwa.

"Oga, tashi mana!" in ji Rifkatu, dariya ta hana ta motsi.

Baba ne ya miƙo ƙotar fartanya ya jawo ni kamar tarwaɗa. Ruwan kuma ba ya fita sai an tuɓe. Haka na tsaya gaban surukina, daga ni sai gajeren wandon da ya kamata a ce tuni ya zama tsumma.

"Wannan ne binciken?"

"Shi ne, Baba."

"Kifi nawa ka kama?"

"Ƙwari muke kamawa, Baba."

Ya saɓa fartanyarsa, ya ce, "Allah ya kyauta," ya wuce.

Wallahi har ƙwalla na yi, don na gama sallama Asabe. Daga baya sai ga kawuna, mai nema mini auren, ya dawo daga wajen Baba yana ƙyaƙyata dariya. Wai Baba ya ce, "Yaron nan wayo bai ishe shi ba, amma wanda zai nutse don ya gaishe ni ba zai wulaƙanta 'yata ba."

Ladabi abu ne mai kyau, shi ya ba ni mata. Amma don Allah a fito daga ruwa tukuna.