Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Ajin Sannu a Hankali

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya yi mata nauyi, nake sanar da ɗalibanmu na da da na yanzu, da maƙwabta, da 'yan kwamitin unguwa, rasuwar Gwaggo, tsohuwar kwamfutar Ajin Sannu a Hankali, inda muke koya wa manya karatu da rubutu. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburinta da ke jikin taga, bayan shekara goma sha huɗu a hannunmu. Shekarun da ta yi kafin ta zo gare mu, wanda ya sayar mana da ita bai faɗa ba, mu kuma muka yi mata kara, ba mu tona ba.

Ba zan ari addu'o'in da ake yi wa 'yan Adam in yi mata ba, na san iyakata. Amma wanda ya zauna da abu tsawon wannan lokaci yana da haƙƙin ya faɗi halinsa.

Gwaggo ba ta da gaggawa. In ka danna ta da safe, sai ta ce "tit" sau ɗaya, fankar cikinta ta ja dogon "wuuu" kamar dattijuwa tana gyara kwanciya, sannan ta ɗauki minti shida kafin ta buɗe ido. A cikin minti shidan nan nake share aji, in goge allo, in ɗora ruwan shayi. Ɗalibai ne suka raɗa mata suna, don a cewarsu tana da faɗi, ba ta tashi daga inda aka ajiye ta, kuma ba ta mantuwa. Ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba. Na tuna wani kafinta mai furfura da ya nemo harafin farko na sunansa, ya ɗora yatsa a kai ya ƙi ɗagawa, har harafin ya cika fuskarta sahu sahu. Ba ta ce masa komai ba. Shi kuwa ya juyo ya ce wa aji yau ya yi rubutun da ya fi na kowa yawa.

Babban aikinta a duniya shi ne shafinmu na intanet. Marigayiya matata, wadda kowa ke kira Malama, ita ta kafa ajin nan, kuma ita ta zauna gaban Gwaggo hutun makaranta guda cur tana gina shafin, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ita ta zaɓi koren launi irin na ƙofarmu. Ita ta zana fitilar da ke jikin ƙofar, ta ɗora irinta a saman shafin, domin a cewarta wanda bai iya karatu ba da hoto yake gane gida. A can gefen dama kuma ta sa wani ɗan maɓalli mai hoton kunne. In ka danna shi, sai muryarta ta fito ta sifikun Gwaggo: "Sannu da zuwa. Ba ka makara ba. Shigo ka zauna, za mu fara daga inda kake."

Shekara uku ke nan da Allah Ya karɓi Malama. Tun daga lokacin, kowace safiya in Gwaggo ta gama farkawa, sai in buɗe shafin in danna kunnen nan kafin kowa ya iso. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

A shekarun nan uku ɗalibai suka yi ta raguwa. Daga talatin muka dawo goma sha takwas, daga nan tara. Na ɗora laifin a kan zamani, na ɗora a kan wahalar neman abinci, na ɗora a kaina, don ban kai Malama iya jan mutane a jiki ba. Wata biyu da suka wuce, shugaban kwamitin da ya ba mu aron ɗakin ya zo ya zauna a bencin gaba. Ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce in ba a sami mutum goma sha biyu ba zuwa Asabar ta ƙarshen watan nan da muke ciki yanzu, za su mayar da ɗakin wurin ajiye kujeru da rumfunan haya. Bai faɗa da mugunta ba, kansa a ƙasa yake. Ranar da Gwaggo ta cika, sunan mutum huɗu ne a littafina.

'Yata, wadda ke aikin jinya, ta daɗe tana yi mini magana. Ta ce yanzu ba wanda ke zama gaban kwamfuta ya nemi makaranta. 'Ya'yan da ke nema wa iyayensu aji, a waya suke nema, a tsaye, a cikin mota ko a bakin aiki, da babban yatsa ɗaya. Ta ce shafinmu ba ya zama daidai a waya, ta roƙi in bari a gyara. Ni kuma kullum sai in juya mata fuskar Gwaggo, in ce ta duba da idonta ta gaya mini abin da ya sami shafin, ga shi nan kamar ranar da mahaifiyarta ta tashi daga kansa. Sai ta ce, "Baba, kai da Gwaggo kaɗai kuke ganin wannan," ta ɗauki jakarta. Wayata ƙarama ce, ta kira da amsawa. Sau da yawa takan miƙo mini tata, ni kuma in ce sai na nemo tabarau. Tabaran yana aljihuna.

Ciwon ajali ya fara ne da rikicewar kwanan wata. Kullum Gwaggo ta farka sai ta ɗauka muna shekarar da aka ƙera ta, in zauna in tuna mata ranar da muke ciki. Daga baya fankarta ta kama tari, "kar-kar-kar", har ɗalibai kan dakata da karatu su yi mata sannu. Mai gyara ya zo sau biyu, ya hura mata ƙura, ya sauya abin da zai iya, ya gaya mini kayan irinta sun ɓace a kasuwa. Ranar Litinin na danna ta, ta ce "tit, tit, tit", sau uku, abin da ba ta taɓa yi ba. Wani ɗan ƙauri ya tashi. Na jira minti shida, na ƙara shida. Da mai gyara ya zo ya buɗe cikinta, bai daɗe ba ya mayar da murfin a hankali ya ce sai haƙuri.

Washegari na share aji, na goge allo, na ɗora ruwa, sai na ga babu abin da nake jira. Na kira 'yata na ce ta biyo da wayarta kafin ta wuce aiki. Gaskiya ita ce ba don ajin na neme ta ba, don muryar ne. Na fito da tabarau da kaina.

Abin da na gani ba shafin Malama ba ne. Rubutun ya ƙanƙance kamar jerin tururuwa. Fitilar ta tsage biyu, rabi a ciki rabi a waje. Wurin yin rajista sai an ja an ja kafin a iske shi, in an iske kuma yatsa ba ya iya dannawa ba tare da ya taɓa wani abu dabam ba. Kunnen kuwa babu shi. Ya faɗa can bayan iyakar gilashin, inda ba mai zaton akwai wani abu. Malama ta ɗauki muryarta ne don mutanen da ba su iya karatu ba, amma shekara da shekaru ba mai jin ta sai ni da na iya.

'Yata ba ta ce ai dā ma ta gaya mini ba. Ta dai zauna kusa da ni ta ci gaba da nuna mini. Ashe shafi uku gare mu a duniya. Ƙanina direba ya taɓa buɗe mana shafi a dandalin sada zumunta, ya sa masa shuɗin launi da hoton littafi, ya kira mu Makarantar Manya ta Sannu. Sakataren kwamiti ya sa mu a taswirar waya da hoton hular kammala karatu, ya kira mu Cibiyar Yaƙi da Jahilci, kalmar da Malama ba ta taɓa bari ta tsallako ƙofarmu ba. Kowannensu don ƙauna ya yi. Kowannensu na yi masa godiya a lokacin, ban kuma leƙa ba. Da na ba wa ɗalibaina huɗu labari da la'asar, ɗaya daga cikinsu, mai sayar da kayan lambu, ta tafa hannu ta ce ashe shi ya sa. Maƙwabciyarta ta zo har bakin ƙofar nan sau biyu. Ɗanta ya nuna mata shuɗin littafi a waya, ta iso ta tarar da koriyar fitila, ta ji kunyar tambaya, ta koma gida.

Abu ɗaya kawai shafukan uku suka haɗu a kai, lambar wayar Malama. Ni na ajiye layinta a aljihun tebur, ban san cewa in layi ya daɗe ba a amfani da shi ana ba wa wani ba. 'Yata ta danna lambar. Na so in riƙe hannunta. Sai ga shi ta shiga, har aka ɗaga, muka ji ƙarar injin ba da iska, da muryar wani mutum wanda ko sallama bai jira ba ya ce, "Don girman Allah, ni faci nake yi. Taya nake liƙewa. Ba na koyar da karatu."

Da 'yata ta yi masa bayani, sai ya tambayi inda muke. Ranar Laraba ya zo, babban mutum mai jikoki, hannunsa baƙi da roba. Ya yi mini ta'aziyyar Malama, ya dubi Gwaggo da na lulluɓe da mayafi ya yi mini tata ita ma, ba tare da ya yi murmushi ba. Ya ce shekara biyu ke nan mutane na kiransa, har abokan aikinsa sun sa masa suna Shugaban Makaranta. Waɗanda suka kira ya sallame su. Amma akwai waɗanda suka turo rubutu. Ya ajiye wayar a tebur ya ce, "Malam, ban goge ko ɗaya ba. Na ce ƙila saƙon wani ne mai muhimmanci. Shekara biyu suna zaune a aljihuna, ban san me suka ce ba."

Saƙo talatin da ɗaya ne. 'Yata ta karanta su a fili. Ɗaya ya ce mahaifiyarsa tana so ta iya karanta takardar maganinta da kanta. Kwana biyu muka yi muna bin lambobin. Wasu sun tashi daga unguwar, wasu layin ba ya shiga, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, wata kuma ta wanke mu tas a kan shirun da muka yi mata, kuma da gaskiyarta. Mutum bakwai sun ce za su zo. Jiya mai faci ya dawo karɓar wayarsa, ya tambaye ni saura nawa mu cika goma sha biyu. Na ce ɗaya. Ya goge hannu a jikin wandonsa ya ce, "To rubuta Shugaban Makaranta. Amma kar ka sa ni a bencin gaba."

Ban riƙe Gwaggo da komai ba. Ba ta yi mini ƙarya ba, abin da aka zuba mata shi ta nuna. Ni ne na tsayar da shaida ɗaya tak, na zaɓi wadda za ta faɗa mini abin da nake son ji.

Ta rasu ta bar allon dannawa, wanda haruffa uku suka goge a jikinsa saboda yatsun masu koyo, da linzami mai ɗingishi, da firinta wadda tun suna tare ba sa jituwa, da sifiku biyu da suka yi shiru tun Litinin. Ta kuma bar shafi guda, wanda 'yata da mai gyara suka yi masa sabon gini. Sun tambaye ni kafin su taɓa kowane abu, na amince da duka, ko da yake na fita waje lokacin da suke rushe tsarin Malama. Sun bar koren launi, sun bar fitilar, sun bar sunan. Ƙanina da sakatare sun mayar da nasu shafukan haka nan, suna ɗaya, hoto ɗaya, lamba ɗaya, tawa. Kunnen yanzu shi ne abu na farko a sama, babba, daidai babban yatsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ajinmu. Mai gyara zai zo da amalanke ya tafi da ita, ya cire abin da zai amfani wata, amma rumbun ajiyarta zai zauna a aljihun tebur, kusa da tsohon layin Malama. Ba ma buƙatar kowa ya kawo komai. Wanda yake so ya yi mana ta'aziyya, ya buɗe shafin a wayarsa, in ya ga wani abu ya karkace ya zo ya nuna mini. Tabarau yana wuyana, na sa masa igiya.

Kafin a ɗaga ta daga tebur, mai faci zai danna kunnen a wayarsa, kowa ya ji. Da ƙarfe goma shugaban kwamiti zai ƙirga mutanen da ke kan benci, ba sunayen da ke littafi ba, saboda haka ina roƙon waɗanda suka yi mana alkawari su daure su zo. Wanda bai san wurin ba, ya nemi koriyar ƙofa mai fitila. Wanda ya ga kamar ya makara, ya shigo haka nan.