Yadda Zubeiru Ya Ramar da Sarkin Fawa

"Daga unguwar Nyanshegu har Jisonayili, babu bidiyon da ya fi ƙarfina. Ni kwamfuta ke durƙusa wa ta gaisar da safe."

Wannan kirarin Zubeiru ne, wanda ya naɗa kansa Injiniya ba tare da kowa ya halarci naɗin ba. Abokina, da ka ga shagon da ka yi dariya: tebur ɗaya, tsohuwar kwamfuta mai tari, sai fanka da ba ta tashi sai an tura ta da yatsa. Ainihin aikinsa zuba wa direbobin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, waƙoƙi a waya. Amma baki kam, Allah ya ba shi.

To, gogan naka yana son Najat, 'yar Alhaji Yidana, sarkin fawan unguwarsu, so na haƙiƙa, wanda in ta yi fushi tuwo ba ya wuce masa. Da ya nemi aurenta, Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Rannan Zubeiru ya je gaisuwa, ya tarar da tsohon yana harar sabuwar talabijin ɗinsa mai faɗin ƙofa. Bidiyon naɗinsa ne a ciki, amma hoton ya takure a tsakiya, baƙi sama, baƙi ƙasa, baƙi hagu da dama.

"Duba," in ji Alhaji, "na sayi babban tibi, ya mai da ni ɗan tsako."

"Baba Alhaji, wannan ba aiki ba ne kuraa, ko kaɗan. Anamofik za a yi mishi. A yanke baƙin, a ja hoton ya cika tibi, kyaun shi ko ɗigo ba zai ragu ba."

Alhaji ya zare filas ɗin da bidiyon ke ciki daga jikin tibi ya miƙa masa. "Shi kaɗai nake da shi, ba wani kwafi. Ran Asabar mahauta duka za su zo kallo."

Zubeiru ya fito yana tafiyar ango.

A shago ya nannaɗe hannun riga ya kama yankan baƙi, sai hannu ya yi nauyi, hular sarautar Alhaji ta tafi da rabin goshi. Kwamfuta ta yi tambaya ko a ɗora sabon a kan tsohon. Gwani ai ba ya karatu, ya danna mata e. Da ya farga, sai ya shiga gyara, ya ja nan, ya matse can, yana adanawa a kan na baya. Kowane zagaye hoton na ƙara dusashewa, har fuskokin mutane suka koma kamar an wanke su da koko. Daga ƙarshe ya ja tsawon hoton ya cika, ya manta alamar da ke gaya wa talabijin ta buɗe faɗinsa.

"Tibin Alhaji sabo ne, zai gane da kanshi," ya ce wa fanka.

Ran Asabar bayan la'asar falo ya cika da mahauta, kowa da ƙaton wuya. Najat na leƙe ta bayan labule. Injiniya ya yi jawabi, ya danna.

Alhaji Yidana, mutumin da ke cika benci shi kaɗai, ya fito a talabijin dogo siriri, ba hula, ba tumbi.

Hajiya Fusena, uwar Najat, ta matso. "Wa ya rataya rigar batakarin maigida a kan sanda?"

"Sarki," in ji Saani, abokin yankansa, cikin tausayi, "ashe jinya kake yi ran naɗi, ba ka faɗa muna ba."

Dariya ta ɓarke. Zubeiru ya fizgi rimot yana danne-danne, gumi na bin ƙeyarsa. Hoton ya zabura ya kumbura, sauran kan Alhaji ya shige sama, aka bar gemu yana karɓar gaisuwa.

"Kashe," in ji Alhaji. "Sa muna na asalin."

Zubeiru ya ajiye rimot. Tsoro ya kama shi sosai.

"Baba Alhaji, na asalin… shi ne wannan."

Alhaji ya daɗe yana kallon gemun nasa, sannan ya juyo a hankali.

"Ɗana, na ba ka kaina cikakke, da hula da tumbi, ka dawo min da gemu. In na ba ka Najat, ɗankunne za ka dawo min da shi?"