Yadda Gaisuwa Ta Kai Laburarena Sashen Katin Biki

Tun da aka kafa duniya, babu dauloli biyu da suka fi ƙarfin ɗan Adam irin ladabi da cike fom. Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da suka haɗu a kaina ba, a wani aji a Maamobi, gaban mutum sama da ashirin.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makaranta kusa da Kanda. Shekara biyu na yi ina rubuta wani ɗan laburare (a sana'armu, guntun manhaja ke nan da wasu za su ara su yi gini a kai) wanda ke zama tsakanin manhaja da rumbun bayanai. Aikinsa ɗaya ne: bambanta Abdul Rahman da Abdul Rahman. Duk wanda ya taɓa kiran suna a aji a Nima ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Laburaren nawa yana duba sunan gida da laƙabi, har da masallacin da mutum ke zaune a bayansa.

Sai ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja na Zango ta ce za ta zaɓi abin da za a gina rajistar makarantun Islamiyya da shi. Sharaɗi guda: sai wanda aka yi wa rajista a babbar taskar da masu manhaja na duniya ke zuba aikinsu. Shugabarmu kuwa Rahinatu ce, wadda ni na koya mata riƙe linzamin kwamfuta.

Fom ɗin gurbi uku ne: suna, bayani, sashe. Da na ji cewa wani mutum ne mai rai, ɗan sa kai, ke karantawa ya amince, sai tarbiyya ta motsa. A gidanmu ko ashana ka je ara, sai ka tambayi kwanan kowa. Saboda haka a gurbin bayani na fara da gaisuwa, cikin Turancin da aka doke mu a kansa: na gaishe shi, na gai da iyalinsa da abokan aikinsa, na yi musu fatan alheri a bukukuwa masu zuwa. A sakin layi na uku na ambaci rumbun bayanai. Gurbin sashe kuwa na bar shi fayau. Baƙo ba ya zaɓa wa kansa tabarma. Mai gida ke nuna masa.

Bayan kwana huɗu saƙo ya zo: an amince. Ban buɗe shafin ba (wa ke ƙirga haƙoran dokin kyauta?), sai dai na kai babbar rigata guga.

Ran Asabar, ranar zaɓen, na sauko daga trotro, motarmu ta haya, kamar mai zuwa karɓar sarauta. Aka haska allon kwamfutata a bango. Na buɗe sashen rumbun bayanai, na gangara har ƙasa. Babu. Na hau sama. Babu. Na goge tabarau. Na zargi intanet, na zargi kamfanin wuta, na fara zargin Turawa gaba ɗayansu.

"Ticha, ka tabbata ka tura shi kuwa?" in ji Baba Issaka, mai gyaran kwamfuta a Kawukudi, yana ɓare gyaɗa.

"Ga takardar amincewa," na ce, ina nuna wayata ga bango, ban san dalili ba.

Rahinatu ta matso a hankali. "Ticha, bari in gwada." Ta rubuta sunan laburaren a gurbin nema, abin da ya kamata in yi tun farko. Nan take ya fito, a sashen saƙonni da katunan gaisuwa, tsakanin wani mai zana balan-balan da wani mai tura barka da ranar haihuwa. A ƙarƙashin sunana, layi ɗaya tak, domin iyakar abin da shafin ke nunawa ke nan: "Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da iyalanku."

Ni har lokacin ban gane ba, har na ce, "To ina sauran?"

"Ei, Ticha!" Baba Issaka ya buga cinya. "Shekara biyu, ashe salamu alaikum kake rubutawa!"

Rahinatu ta danne dariya da gefen mayafi. "Layin farko kawai mutumin ya karanta, Ticha. Ka ce ya nuna maka tabarma, ya nuna."

Na roƙi a ba ni mako guda. Aka ce makarantu na jira. Aka ɗauki na wani, wanda bayaninsa kalma biyar ne, ko sallama babu.

Na dai koyi cewa akwai ƙofar da ake fara faɗin abin da ya kawo mutum kafin a tambayi iyali. Na rubuta wa mai taskar ya sauya mini sashe, kuma wallahi sai da na riƙe hannuna kada in gaishe shi.

Har yau bai amsa ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa rubuto mini a kan laburaren, yana tambaya ko akwai na ta'aziyya.