Kunun Zaki a Bokitin Giya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga gidan surukaina a Birmingham rungume da bokitin haɗa giya ba. Ni ɗin nan fa, da ko lemon kwalba sai na juya bayansa na karanta abin da aka zuba a ciki kafin in kai bakina.

Lokacin ina karatun injiniyanci a Manchester, ina zaune a Fallowfield, mu huɗu a gidan haya. Ina neman Nusaiba, 'yar wani likita Bakano da ya daɗe a Balsall Heath. Magana ta je gaban manya, amma ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Dakta dai ya ce zai ƙara duba yaron. Ana cikin haka yayarta ta haihu, aka sa walimar suna ranar Asabar. Na kira mahaifiyarsu in yi barka, sai take cewa, "Komai mun tanada, ɗana, kunun zaki ne kawai na rasa mai yi mini. Baban su Nusaiba kuwa ba abin da yake so kamarsa."

Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga shi. "Mama, ai ki bar mini wannan. Ni gwani ne."

(Gwanintar tawa ita ce sau biyu na taɓa yi, a 'yar tukunyar da nake dafa taliya, kuma ni kaɗai na sha na yaba.)

Murna ta hana ni zama. Har na hango Dakta ya kurɓa ya lumshe ido, ya ce a sa rana. Na sayo gero, citta, kanumfari da dankalin Hausa a shagon 'yan Afirka. Sai matsala ta taso: a me zan zuba kunun mutum sittin? Babban mazubin da muke da shi a gidan shi ne bokitin goge ƙasa. Na duba waya ina neman bokiti mai murfi da famfo, ta nuna mini wani ɗan shago a wajen Hulme.

Ina shiga na gane inda na zo. Kwalabe jere har sama, tiyo iri-iri a rataye, ga wani wari kamar na ƙullin fanke da ya kwana. Shagon masu haɗa giya a gida ne. Mai hankali da ya juya. Ni kuwa sai na tsaya na ba wa kaina fatawa a tsaye: bokiti sabo fil, bai taɓa ganin giya ba, laifin me ya yi?

Mai shagon wani dattijon Bature ne mai fara'a. Ya tambaye ni da me zan haɗa, inabi ko tuffa. Na ce gero. Idonsa ya kawo haske, ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa jin mai yi da gero ba. Na so in yi masa bayani cewa nawa ba ya bugarwa, amma ina! Ya riga ya janyo bokitai huɗu ya jera mini, ya fara karatu.

Wallahi na ƙaru. Ya ce in nemi robar da aka yi don abinci, kada in kuskura in ɗauki ta fenti. Ya sa na shafa cikin da hannu, ya ce dole ya zama sumul, don a ƙarce datti yake ɓuya. Ya ce in sayi wanda ya fi abin da zan zuba girma, saboda abu in ya fara tsami kumfa yake yi, yana son fili. Ya danna murfin ya kama gam, ya nuna mini famfon da aka ɗaga kaɗan daga gindi don kada tsaki ya biyo. Sannan ya ɗauko wata 'yar roba mai lanƙwasa kamar hanjin kaza, ya cusa a hudar da ke tsakiyar murfin. Ya ce ta nan iska take fita, kuma ko me zan yi, kada in toshe ta.

Na zaɓi mai cin lita ashirin da biyar, fari tas. Aibinsa ɗaya: a jikinsa an zana nonon inabi da kofin gilashi mai dogon wuya, ga rubutu ɓaro-ɓaro. Da na koma gida na naɗe shi da farar takarda, na manne da salatif, na rubuta KUNUN ZAKI da manyan baƙaƙe. Na ja da baya na kalle shi, na ce lallai ilimi ba ƙarya ba ne.

Kunu ya yi kyau, wannan kam ba yabon kai ba. Na jiƙa, na niƙa, na dama, ya kwana, na tace ranar Juma'a da safe na zuba sukari ba tausayi. Firjinmu ba ya cin bokitin, sai na ajiye shi a kicin. Watan Yuli ne, kuma makon nan Ingila ta tuna cewa akwai rana.

Asabar da hantsi na ari motar abokin zamana. Dama na cika bokitin har wuya, don kada a ce na yi rowa. Sai na ga 'yar robar nan za ta iya zubar mini da kunu a hanya, na cire ta, na toshe hudar da salatif ninki biyar. Na zaunar da bokiti a kujerar baya na ɗaura masa bel kamar jariri. A kan babbar hanyar M6 na tarar da cunkoso, tafiyar awa biyu ta koma huɗu, motar ba sanyi, rana na dukan bokitina ta taga. Na lura murfin ya ɗan yi tozo. Na ce a raina, alamar albarka ce.

Nusaiba ta tare ni a ƙofa. "Bi ta baya ka kai kitchen, Mama tana jira."

Na ce a'a, gaisuwa tukuna. Gaskiyar magana so nake a gan ni. Na rungumi bokiti na ratsa har lambun bayan gida inda maza suke zaune a kan darduma: likitoci, akantoci, ga limamin unguwa da ake kira Malam, ga Dakta a tsakiya cikin farar shadda mai sheƙi. Na dire bokitin a kan wani ɗan tebur, na durƙusa na gaida su.

"A'a, Injiniya, kai ne da kanka?" in ji Dakta. "Har da famfo?"

"Baba, ai kai za ka fara ɗanɗanawa."

Ya miƙo kofi yana murmushi. Na ce bismillah, na murɗa famfo.

Abin da ya fito ba zuba ba ce, harbi ne. Kunu ya tsallake kofin ya sami Dakta a ƙirji, ya fantsama har gemunsa. Na rikice na murɗa ta ɗaya gefen, ashe ƙara buɗewa na yi. Sai na ce bari in ɗaga murfi iska ta fita. Ina taɓa shi ya yi wata ƙara, fam! ya tashi sama ya faɗa gidan maƙwabta. Kumfa ta taso tana gangarowa kamar tukunyar wake, wani tsami ya cika lambun. Takardar da na naɗa ta jiƙe, ta saki, ta zame a hankali ta faɗi ƙasa. Inabi ya bayyana. Kofi mai dogon wuya ya bayyana.

Malam ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya saka, ya sunkuya, ya karanta a fili da Turancinsa mai kyau, kalma bayan kalma: "Home wine making." Wato haɗa giya a gida. Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashin. "Ikon Allah."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wallahi sabo ne, Malam." Kamar an ce mini matsalar tsufansa ce.

Dakta ya share gemunsa da hankici. Bai ɗaga murya ba, wanda hakan ya fi duka ciwo. "Injiniya, ka daɗe kana wannan sana'ar, ko yau ka buɗe reshe a Birmingham?"

Na ji auren ya kama hanyar Manchester ya bar ni a durƙushe. Ta tagar kicin na hango Nusaiba ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Har yau tana rantsuwa wai kuka take yi.

Mama ce ta cece ni. Ta fito da ludayi a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi bokiti, ta ɗebo kaɗan ta shinshina. "Haba Alhaji, kunu ne ya sha rana aka kuma toshe masa baki. Ko a Kano ka rufe shi a jarka haka zai yi maka. Kai kuma ɗana, yaushe ka tace shi?" Na ce jiya da safe. Ta ce, "Ba firji?" Na sunkuyar da kai. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ƙofa, maza suka biyo ta. Malam ya sa na ba da labari tun daga shagon Hulme, yana tsayar da ni yana maimaita wa na nesa. A ƙarshe ya yanke hukunci: bokiti ba shi da laifi, amma kunun a ba wa magudanar ruwa, don ya kama hanyar da ba a so.

Dakta ya shiga ya canza kaya. Da ya dawo ya tarar da ni ina wanke darduma da tiyo, wandona a naɗe. Ya dube ni, ya ce, "To, aƙalla ba ka gudu ba." Bayan wata uku aka sa rana.

Yau 'ya'yanmu biyu, kuma har yanzu duk taron da na shiga a Birmingham sai wani ya ɗaga kofi ya tambaye ni ko na bana ya nuna. Abin da na koya kuwa ba shi da tsawo: in surukai suka tambaye ka me za ka kawo, ka ce dabino. Ban taɓa jin dabino ya fashe a gaban liman ba.