Gishiri Ya Yi Yawa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so ma ba za a bar ni in manta ba, da ranar da lasifikar kamfaninmu ta tona mini asiri. Har yau in na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Kamfanin tabarmar roba ne a Sharada. Na daɗe a sashen ɗinke baki, a tsaye tun safe, wani satin kuma aikin yamma, in koma Dorayi in tarar yara sun jiƙa garin kwaki sun yi barci. To da na gama ajin yaƙi da jahilci (da furfurata, benci ɗaya da sa'ar 'yata), sai Hajiya Binta ta ofishin ma'aikata ta ce za ta gwada ni a ɗakin sanarwa na bakin ƙofa. Aikin zaune ne: a kawo saƙo, ki karanta a lasifika, ana la'asar kin tashi. Wato in tuƙa tuwo da hannuna, in ga yarana ido biyu. Na sa rai ƙwarai.

"Muryarki a kwance take, Yaya," in ji ta. "Zan duba ki satin nan. In kin iya, kujerar taki ce."

Abin da ban yi tunani ba shi ne, maigidana ma a kamfanin yake, wajen injin narka roba. Ni kuwa tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunansa ba, haka muka taso a ƙauyenmu. Kai, ko auduga ba na cewa, don ta yi kama da sunan (na ba ku satar amsa ke nan). In na je kemis sai in ce a ba ni "farar nan ta goge ciwo". Ita kuwa Hajiya Binta a gabana take kiran nata mijin a waya, sunansa gatsal, har da "ka ɗauko yara". Ni ce nake sunkuyar da kai a madadinta.

Ranar Alhamis, tana tsaye a kaina tana dubawa, sai ga Baba maigadi da guntuwar takarda. Tirelar kaya ta zo, wani ya kafe babur a tsakiyar ƙofa, direba sai hon yake dannawa.

"Yi maza ki kira mai shi, 'yar nan."

Na duba takardar. Wallahi ban taɓa karanta abu da sauri haka ba, kuma ban taɓa nadamar iya karatu ba sai ranar. Sunansa ne. Na biyun kuma na surukina, wanda ya fi ƙarfin bakina gaba ɗaya.

Na danna maɓalli. "Salamu alaikum. Ana neman... ana neman maigida a bakin ƙofa."

Jama'a, ashe duk namijin da ke kamfanin maigida ne. Sai ga su ɗuu, har da wani yaro da bai rufa wata da aure ba, yana tafe yana gyara hula. Nawa kam bai fito ba.

"Yaya, suna za ki faɗa," in ji Hajiya.

Na sake. "Baban su Zainab."

Rabi suka koma, rabi suka tsaya. (Ina roƙon mutanen Kano, don Allah a riƙa sauya wa yara suna.)

"Wai me ke faruwa ne? Karatun ne ya gagara?"

Nan hankalina ya tashi, don ina ganin kujerar tana suɓuce mini. Na ce mata a hankali, "Hajiya, na iya. Mutumin gidanmu ne. Bakina ba zai ɗauka ba." Ban san yatsana na kan maɓallin ba. Duk kamfanin ya ji, har masu shayi na waje.

Da na ga abin ya riga ya lalace, sai na rufe ido na matso da baki. "Bawan Allahn da ya ci ɗumame yau da safe, ya ce gishiri ya yi yawa, amma ya suɗe kwanon tas, don girman Allah ya zo ya janye babur."

Sai dariya ta fashe, har ta danne ƙarar injina. Ga shi nan ya fito da gudu, safar hannu ɗaya a hannu, kansa a ƙasa, ana yi masa tafi. Baba maigadi har da sara masa: "Sannu, Gishiri!"

Hajiya Binta ta dafa bango tana share hawaye. Ni kuwa na fara tattara jakata, na san ta ƙare. Sai ta ce, "Ina za ki? Tun da nake a nan ban taɓa ganin an janye babur da sauri haka ba. Zauna abinki."

Da yamma na kai wa maigida tuwo, ina ta raɓe-raɓe. Ya yi loma, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Don Allah, gobe in ta kama, ki faɗi sunan kawai. Na yafe."

Na ce, "Haba Malam, da girmanka?"

Har yau ina kan kujerar, har yau ban faɗa ba. Shi kuwa a can bayan masallaci yake kafe babur, kuma a kamfani babu mai kiransa da sunan yanka, sai Gishiri, sun taya ni kunya ke nan. Darasin da na koya: in za ki ɓoye sunan miji, duba yatsanki tukuna. Miya kuwa, ko buhun gishiri na juye, "Madalla" kawai nake ji.